Daga Keken Rubutu Zuwa Kwamfuta: Abin Da Tasawa da Mayahi Ke Roƙo

Duk wanda ya yi wayo a Tasawa ko Mayahi kafin kwamfuta ta shigo, ba sai an kwatanta masa ƙarar keken rubutu ba. Tun daga bakin ƙofar biron suferefe ake jiyo ta, ƙas-ƙas-ƙas, can sai ƴar ƙararrawa ta ce ƙilin, sakatare ya kai hannun hagu ya turo kan keken zuwa farkon layi. In ƙarar ta yi sauri, masu jira a gindin dogon yaro sai su dubi juna su ce yau da sa'a, za a sallame mu kafin azahar. In ta yi shiru kuwa, to ko ƙyallen tawada ya sarƙe, ko an shigo da shayi.

A wancan zamani komai na takarda a babban gari yake. Mutumin Korgom, Urafan, Maijirgi ko Hawandawaki sai ya yi sammakon Tasawa. Na Kanambakashe, Isawan, Cake ko Sarkin Hausa sai ya nufi Mayahi, wani kan jaki, wani a amalanke, wani ya jira motar ranar kasuwa. Takardarsa na ninke cikin tsumma, an cusa a gwangwani saboda gara da ruwan sama. Yana isowa zai tuɓe takalma a ƙofa ko da ba a ce ya tuɓe ba, ya rusuna ya ce, "Mushe, ina kwana, ina gajiya?" Sakatare kuma ba ya taɓa takarda sai ya tambayi mutan gida, ya tambayi damina, ya ji ko gero ya yi. Sannan a zo kan abin da ya kawo mutum: takardar haihuwar yaron da za a sa lakwal, ko shaidar sayen gona, ko gyaran suna a kundin lanho.

Aikin sakatare sana'a ce ta hannu, kamar ɗinki. Zai jera farar takarda, ya ɗora karbon, ya ƙara wata siririya, ya sake ɗora karbon, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya zura. Ta sama takan fito baƙi ƙirin, ta biyu da dama-dama, ta ƙarshe kuwa sai an kai ta bakin taga. Kuskure ɗaya na nufin a goge kowace takarda ita kaɗai, shi ya sa tsofaffin sakatarori ba sa gaggawa. Sai sun karanta jimla a zuci kafin yatsa ya sauka. Lokacin hunturu, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Da an tashi aiki sai a lulluɓe keken da zane, da safe a bi haruffa da tsohon burushin haƙori da ɗigon kananzir, a sa tsinken allura a ƙwaƙule tawadar da ta toshe cikin a da e. Harafin o kuwa, in ya tsufa ya yi kaifi, huda takarda yake yi, ka ɗaga wasiƙa ka ga rana ta cikinta.

Ga kuma ƙamshi. Wanda ya zauna aji a shekarun 1970 da 1980 ya san warin takardar jarrabawa da ta fito daga injin juyawa, da sanyinta a hannu, da shuɗin rubutunta mai kama yatsa. Yara kan kai ta hanci kafin su karanta tambaya ta farko. Masinja ne ke juya hannun injin, gwiwar hannunsa duk tawada, yana ƙirga takardu a bayyane don kada wani aji ya rasa. Biro kuma yana da nasa warin: tsohuwar takarda, ƙaron manne ambulan, da tawadar hatimi da ake hura wa iska kafin a danna.

A bakin gidan waya akwai wani ofishin da ba shi da ƙofa, wato teburin mai rubuta wasiƙa. Dala biyar, dala goma, gwargwadon tsawon magana, ban da kuɗin tambur. Tsohuwa za ta zauna a gefen tabarma, ɗanta ya tafi ci rani Kano, ko Legas, ko Abijan, ko ya haura Libiya. Ta ce, "Ɗana, rubuta masa muna lafiya." Shi kuma ya san ba lafiya kaɗai ta kawo ta ba, sai ya rage murya ya ce, "Inna, a sa maganar rumbu?" Ta yi ɗan jim, ta ce, "Sa, amma kada ka tayar masa da hankali." Sai ya nemo kalmar da za ta isar da cewa hatsi ya kusa ƙarewa ba tare da ta hana yaro barci ba. In ya gama sai ya karanta mata daga gaisuwa har zuwa "haza wassalam", ta gyaɗa kai, ta kwance bakin zane ta biya. Wasu kuma wurin malam suke zuwa, ya fiƙe alƙalamin kara ya rubuta da ajami, a ba direba ya kai. Daga baya kasat ta shigo, gida duka a taru kowa ya faɗi tasa, har kukan awaki ya tafi Abijan.

Abu ɗaya ne kekunan nan ba su taɓa iyawa ba. An ƙera su don Faransanci, suna da duk ƴan alamomin da ake ɗora wa wasula a wannan harshe, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ga shi kuwa tun taron Bamako na 1966 aka zauna kan yadda za a rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma, a 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a Damagaram, ma'aikatan yaƙi da jahilci kuma suna fitar da littattafai da ƙananan jaridu irin su Gangaa. To yaya aka yi? Da hannu aka yi. Mai buga rubutu zai gama shafi, ya zare shi, ya ɗauki bik, ya bi layi-layi yana yi wa kowane k da d da b ƴar lanƙwasarsa. Na ga dattijon da ke wannan aiki da tabarau a kan hanci, bakinsa na motsi, domin sai ya furta kalma yake sanin ko tana son ƙugiya. Ba wanda ya biya shi ladan wannan ƙarin aiki. Ya dai san cewa manomin da ya koyi karatu da daddare a gaban fitilar ƙwai, in ya ga "kasa" inda ake nufin "ƙasa", zai zargi kansa ne, ya ce shi ne bai iya ba.

Sunaye ma haka. A takarda Tasawa ta zama Tessaoua, Usman ya zama Ousmane, A'ishatu ta zama Aïchatou. Amma sakatare ya san mai sunan, ya san ubansa, ya san wane ne Ɗan Ladi na unguwar gabas da na unguwar yamma. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, sai a tambaye shi ko kafin yunwar kaza ne ko bayanta, a rubuta "an haife shi wajen shekara kaza", kowa ya gamsu.

Kwamfuta ta fara yawaita a ofisoshinmu cikin shekarun 2000, musamman bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, lokacin da kowace karkara ta samu magajin gari da ofishinta. Alheri ne babba, kada a ce ba mu gode ba. Kuskure ya zama abin gogewa da yatsa ɗaya, karbon ya tafi hutu, takardar da kan ci yini ta koma ta minti kaɗan. Matasa suka buɗe wuraren buga takardu a bakin hanya, suka koyi Word da Excel, suna ci da kansu. Sai dai na'ura ba ta san "wajen shekara kaza" ba, rana take so da wata. Shi ya sa yau dattawa da yawa a ƙasar nan suka zama haifaffun 1 ga Janairu, har ka ce a wannan dare babu ungozomar da ta runtsa. Kwamfutar da aka saita da Faransanci kuma, in ka rubuta mata Hausa, sai ta ja jan layi ƙarƙashin kowace kalma, wani lokaci ta canja maka kalmar ba da shawararka ba. Ka wahala ka samo ƙ, ka aika takarda wani ofishi, a buɗe a tarar da ɗan akwati a wurinta. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro zubin haruffa mai suna Rabi'at a shekarun 1990 don magance wannan ciwo, marubuta da yawa sun ci moriyarsa. Yanzu haruffan suna cikin tsarin Unicode na duniya, wayoyi ma suna da su. Amma allon dannawar da ke kan teburin ofis a Mayahi har gobe na Faransanci ne.

Masu ƙera manhajojin ofis kan fitar da sabon zubi lokaci zuwa lokaci, kuma sukan tambayi masu amfani da su abin da suke so a ƙara. Tun da kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, lokaci ya yi da mu ma za mu faɗi namu.

Muna so ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su samu a danni ɗaya, manya da ƙanana, cikin kowane zubin haruffa, su kuma isa inda aka aika su yadda aka rubuta su. In an jera sunayen ƴan aji ko masu karɓar taki, manhaja ta san cewa ɓ na bin b, ɗ na bin d, kada ta wurga Ɗahiru can ƙarshen jeri. Muna son mai duba rubutu da ya san Hausa, wanda ya san ƙa'idar Nijar ta 1999 mai rubuta ƴ da ta Najeriya mai rubuta 'y, ya karɓi duka biyun, ya kuma bar wa Katsinanci da Gobiranci da Damagaranci kalmominsu.

Muna son ajami ya zauna daram, daga dama zuwa hagu, da wasulansa yadda aka saba a allo bisa ruwayar Warshu, da zubin rubutu irin wanda idon almajiri ya sani. Mutane da yawa a ƙauyukan Gulbin Kaba da wannan rubutu suke riƙe lissafin bashi da na hatsi, bai kamata a ƙirga su cikin marasa karatu ba.

Muna son jadawalin lissafi da ya san kuɗinmu yadda baki ke faɗinsa. Takarda na cewa sefa 1,000, kasuwa na cewa jika ɗaya, wato dala 200. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maradi a 1991, da dala suke zubi. Masu kula da bankunan cimaka da tiya da buhu suke awo. A ba su jadawalin da zai nuna lissafi ta fuska biyun, ya kuma ajiye watan Musulunci kusa da na boko.

Muna son manhaja mai haƙuri da halinmu: wadda ke aiki ba intanet, wadda ke adana rubutu da kanta kafin kuran ya ɗauke, wadda tsohuwar kwamfuta da ƙaramar waya za su iya ɗauka, wadda ba sai an biya haya kowane wata ba. A ƙarshe muna son ta iya saurare. Tsohuwa ta yi magana da Hausarta a rubuta, a kuma karanta mata a bayyane ta ji ko abin da ta faɗa ne. Tausasa magana irin ta mai rubuta wasiƙa, wannan sai mutum, amma ko rabin aikinsa aka samu an rage wa bayin Allah tafiya.

Wasu daga cikin buƙatun nan ba sai mun jira kowa ba. Manhaja irin LibreOffice kyauta ce, kuma a buɗe take ga duk mai son ƙara mata ƙamus ko fassara. Ƴaƴanmu da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ku ne za ku iya. Ku haɗa kai da malaman Hausa da tsofaffin ma'aikatan yaƙi da jahilci tun suna raye, ku tattara kalmomi da sunayen mutane da na garuruwa yadda ake furta su, ku shigar da su. Masu riƙe da ƙananan hukumomi kuma su sa a saka allon dannawa na Hausa a kowace kwamfutar ofis, abu ne da ba ya cin ko dala. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin masu sana'ar buga rubutu, ya ba na baya ikon ƙarasa aikin.