Wai Muryarki Ta Yi Siriri

'Yata, mahaifiyarki ta ce min kin fara zuwa situdiyo kina sa wa fina-finai murya, har wani mai haɗa kiɗa ya ce muryarki ta yi siriri, kika dawo gida kika ƙi cin abinci. To, ci abincinki tukuna, sannan ki ji labarin wata.

Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya a Plaza da Eldorado a Kano, mun daɗe muna zaton jarumar da ke rawa ita ce ke waƙar. Ashe da yawa daga cikin muryoyin nan na mace ɗaya ne, Lata Mangeshkar. An haife ta a Indore a 1929. Mahaifinta mawaƙi ne, shi ya fara zaunar da ita yana koya mata waƙarsu ta asali mai tsananin ƙa'ida, wadda ɗalibi kan shafe shekaru yana maimaita hawa da saukar murya. Ya rasu a 1942 tana 'yar shekara 12, ita ce babba, ga ƙanne huɗu. Dole ta sa ta shiga fitowa a fim don a ɗora tukunya. Duk da wannan nauyi, da suka koma Bombay a 1945 sai da ta sake zama ɗaliba a gaban Ustad Aman Ali Khan.

Maganar da aka faɗa miki, ita ma an faɗa mata. Wani babban furodusa ya saurare ta ya ce muryar ta yi siriri, ba zai ɗauka ba. Ba ta kumbura maƙogwaro don ta burge shi ba, domin wannan siririyar muryar ita ce jarinta, kuma Ghulam Haider, mai haɗa kiɗa, ya tsaya mata ya ba ta waƙa a fim ɗin Majboor a 1948. Amma da jarumi Dilip Kumar ya yi mata shaguɓe cewa Urdunta na da gargadar mutanen Marathi, nan ba ta yi musu ba. Malami ta nema ya gyara mata harshe harafi bayan harafi. Suka biyu ke nan, ɗaya ta watsar, ɗaya ta riƙe. Sanin wacce ce wacce shi ne aikin da ke gabanki. Ni dai na saurari waƙarki a wayar ƙanenki. Muryar ba ta da laifi. Numfashinki ne ke ƙarewa kafin ƙarshen baiti, kuma kina haɗiye ƙarshen kalma. Na'urar gyaran murya za ta rufa miki asiri a situdiyo, ranar da aka miƙa miki makirufo a gidan biki kuwa babu mai ceto.

Sai batun suna. Waƙar da ta fito da ita a fim ɗin Mahal a 1949, a jikin faifai sunan Kamini aka rubuta, wato matar da jaruma Madhubala ta fito a matsayinta. Sai da masu sauraro suka dami gidan rediyo da tambaya kafin a san mai muryar. Daga baya ta kafe sai an riƙa ba mawaƙan fim tasu lambar yabo a Filmfare, ta kuma nemi a riƙa biyan mawaƙi kaso daga cinikin faifai, har suka ɓata da mawaƙi Mohammed Rafi na 'yan shekaru. Ta iya kafewa ne saboda a lokacin babu mai iya maye gurbinta. Ta rasu a 2022 tana da shekara 92.

Ke ba ki kai nan ba tukuna, amma kada ki yarda a saki waƙa babu sunanki. In sun ba ki takarda, kawo min mu karanta tare kafin ki sa hannu.