Jitar Gwanjo da Kuɗin Littafina

'Yar'uwa, gwanjon da ke shigo mana Bagudo daga Kwatano ta Segbana da Tsamiya ba riguna da takalma kaɗai ba ne. Har da jita. Yayana ya sayo tsohuwar jitar lantarki mai tsirkiya huɗu, wadda ake kira bes, kuma kuɗin buga littafina na ranta masa. Wallahi da na ga tsatsar da iskar teku ta bar mata, sai da cikina ya ɗuri ruwa.

Ya ce, "Ke dai riƙe min fitila."

Muka kwance tsirkiyoyin, muka tafasa su a tukunyar Inna (har yau ba ta sani ba), dauɗa ta fita. Ƙarafan wuyan ya goge da soson ƙarfe mai laushi, amma sai da ya rufe maganaɗisun ɗaukar sauti da tef, don yana jawo ɓurɓushi. Itacen kuwa ɗan mai kawai, ban da ruwa. Wayar da ta tsinke, mai gyaran rediyo ya liƙe da darma.

Saura wuyan, wanda hunturu ya tanƙwara. Akwai ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa ya miƙe, in ya karye kuɗina sun bi ruwan Kwara. Rubu'in juyi yake murɗawa, sau ɗaya a rana. Yau kwana uku ke nan.