Jarumai Ma Suna Bukatar Juna

Iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu na Birnin Kebbi da Argungu suna damuwa da littattafan nan masu zane da yara ke kira komik, da finafinansu da ake kallo a waya. Suna tambayata ko ya kamata a hana yara su. Ni malamin makaranta ne, na kuma karɓe irin waɗannan littattafai da dama a hannun masu karanta su a ƙarƙashin tebur lokacin darasi. Kafin in mayar wa mai shi nakan karanta. Abin da na gani a ciki shi nake so in faɗa muku.

Labarin da yara suka fi so shi ne wanda jarumai dabam dabam suke haɗuwa a littafi ɗaya. A Amurka aka fara wannan. A 1940 aka tara waɗansu jarumai cikin ƙungiya guda, aka sa mata suna Justice Society. A 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da ƙungiyar Avengers. A 1976 kuma manyan kamfanoni biyu masu gasa da juna, DC da Marvel, suka yarda aka haɗa Superman da Spider-Man cikin labari ɗaya. Duk ƙagaggun labarai ne, ya kamata yaro ya ji haka daga bakin iyayensa, musamman da yake an ɗauko Thor daga gumakan mutanen arewacin Turai na dā.

Ga abin da na lura da shi. Sau da yawa idan jaruman suka gamu, faɗa suke fara yi da juna. A littafin Avengers na farko, mugun nan Loki ne ya shirya makirci aka ɗora wa Hulk laifin da ba nasa ba, har sauran suka fito neman sa. Superman da Spider-Man ma sai da magabtansu suka haɗa su faɗa kafin su gane gaskiya. A littafi na biyu na Avengers kuwa Hulk ya fita daga ƙungiyar, domin ya ga abokansa ba su amince da shi ba. Ya fi su duka ƙarfin jiki, amma ƙarfin bai zaunar da shi a cikinsu ba. Masu rubuta labaran nan sun san tara ƙarfafa abu ne mai sauƙi. Riƙe su wuri ɗaya shi ne aiki.

Ba sai mun je Amurka za mu ga wannan ba. A 1849 Yakubu Nabame ya tashi domin ya maido da mulkin Kabi. Kabawa kaɗai ba su isa ba, sai da Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya. Yaƙi ne ya haɗa su, kamar jaruman komik. An daɗe ana gaba tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato bayan haka. Amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi bikin kamun kifi domin girmama shi, aka binne tsohuwar gaba. Daga nan bikin ya samo asali, har UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gādo na duniya a 2016. A ganina haɗuwar 1934 ta fi ta 1849 wuya. Tsoron magabci yakan haɗa mutane nan da nan, amma zama da wanda kakanninka suka yi yaƙi da shi sai da gafara. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga masunta da homa da gora suna rugawa cikin ruwa, kowa na neman zama gwani. Amma idan katon giwan ruwa ya shiga hannun wani, sai 'yan'uwansa sun kama masa kafin ya kai shi gaɓa.

Littafi Mai Tsarki ma yana da ƙungiyar jarumai. Ku buɗe 2 Sama'ila sura 23 ku karanta wa yaranku. Can za su ji labarin mutum uku da suka ratsa sansanin Filistiyawa suka ɗebo wa Dawuda ruwa daga rijiyar Baitalami, shi kuwa ya ƙi sha, ya zuba shi hadaya ga Ubangiji, gama ya ga da ransu suka saye shi. An jera jarumai 37 a surar. Sunan da ya zo a ƙarshe shi ne Uriya Bahitte, mutumin da Dawuda ya ɗauke masa mata, ya kuma sa aka bar shi a gaban yaƙi ya mutu. Filistiyawa ba su iya karya wannan ƙungiya ba. Cin amana daga cikin gida ne ya jawo wa Dawuda baƙin cikin da ya bi shi har tsufansa.

A ajina ina ganin ƙaramin hoton wannan. Kowace shekara akwai yaro mai kaifin basira wanda yake rufe littafinsa da hannu kada na kusa da shi ya amfana. Idan na raba su rukuni rukuni, sau da yawa rukunin da ya fi hazikai shi ne yake makara, domin kowa yana so a ji muryarsa. Rukunin matsakaita da suke sauraron juna sai su gama aiki su zauna. A ikilisiya ma haka ne. Mawaƙa da zumuntar mata da matasa da dattawa duk suna da baiwa. Amma kalma ɗaya da aka faɗa a bayan idon wani takan raba abin da aka yi shekara goma ana ginawa. Manzo Bulus ya kwatanta mu da gaɓoɓin jiki ɗaya a 1 Korantiyawa sura 12, ya nuna cewa gaɓoɓin da muke gani raunana su ma ba a iya zama ba tare da su ba.

Saboda haka, ya iyaye, shawarata ita ce kada ku ƙone littafin. Ku duba shi tukuna, wanda ya cika zubar da jini ko rashin kunya ku kawar da shi. Sauran kuwa ku zauna da yaron ku tambaye shi: wa ya haɗa jaruman nan faɗa? Me ya sa mai ƙarfin ya fita? Wa ya fara neman gafara? Sa'an nan ku tambaye shi yadda yake zama da ƙannensa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yaran kuma suna kallon yadda uba da uwa suke kama tasu jinkar. Ubangiji Yesu ya yi addu'a domin masu binsa su zama ɗaya. Allah ya ba gidajenmu wannan alheri. Amin.