Garin Gyaran Hanci Kada A Rasa Ido

A gidan da aka haife ni, cikin wani lungu da ke tsakanin Kasuwar Kurmi da Jakara, kakata ta wajen uba ce mai wankan jarirai. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu ko a maƙwabta, ita ake miƙa wa safe da yamma har a yi arba'in. In ta gama cuɗa shi, sai ta gasa masa cibiya, sannan ta lakaci man kaɗanya da yatsu biyu ta kama karan hancinsa tana ja a hankali, tana matse gefe da gefe. Takan ce hancin jariri ɗanyen yumɓu ne, in ba a miƙar da shi tun da sauran laushi ba, bajewa zai yi. Ni ma ta ja nawa kwana arba'in cur, kamar yadda mahaifiyata ta ba ni labari. Duk wanda ya san ni ya san aikin bai ci ba. Hancin mahaifina na ɗauko, faffaɗa, zaune daram, kuma da shi nake shaƙar iska shekara arba'in da 'yan kai.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne zuwan 'yar yayata gidana wani dare bayan sallar isha'i, ana saura wata biyu bikinta. Yarinya ce mai hankali, ta kammala digirinta, ba ta taɓa roƙona komai ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi ta murza gefen mayafinta, can ta ce, "Kawu, wata alfarma nake nema, amma don Allah kada Umma ta ji." Sai ta miƙo mini waya. Hotunan mata ne bibbiyu, na kafin aiki da na bayan aiki, a shafin wata mai gidan kwalliya da ke tallar gyaran hanci. Kuɗin da ake nema ya kusa rabin albashina. Da ta ga na yi shiru, sai ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Ai ba tiyata ba ce, Kawu. Allura ce kawai, minti goma sha biyar an gama, ba yanka ba ɗinki."

Wannan magana tata, "ba tiyata ba ce", ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura ita ce ke kwantar wa 'ya'yanmu da hankali a inda ya kamata hankalinsu ya tashi. Digirina na uku ba a fannin likitanci yake ba, saboda haka na nemi ta ba ni mako guda. Na yi karatun da zan iya, na kuma je wajen wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Ga abin da na fahimta.

Hanyoyin sauya kamannin hanci ba tare da wuƙa ba sun kasu kashi-kashi. Akwai ta masu kwalliyar amare, waɗanda ke zana inuwa da hoda mai duhu a gefen hanci, su haska tsakiyarsa, sai ido ya ga kamar ya miƙe. Wannan da ruwa da sabulu take tafiya. Akwai 'yan robobin matse hanci da ake tallatawa a intanet. Su kam jikokin yatsun kakata ne, domin saman hanci ƙashi ne, ƙasansa guringuntsi, kuma gado ne ke tsara siffarsu. Matsi na ɗan lokaci ba ya sauya su, sai dai ya bar shaida a fata. Akwai zaren da ake cusawa ƙarƙashin fata don ɗaga tsinin hanci, wanda kan narke bayan watanni, wani lokaci kuma ya huda fata ya leƙo. Sai kuma allurar cike gurbi, wadda ake kira fila, ita ce 'yata take so.

Fila wani abu ne mai kauri kamar koko, galibi na sinadarin hayaluronik, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da irinsa don cike tamojin fuska a shekarar 2003. Ana tura shi ƙarƙashin fata don a cike kwari ko a ɗaga karan hanci. Abu na farko da mai talla ba za ta faɗa ba shi ne, fila ƙari take yi, ba ta ragi. Wadda ke kukan faɗin ƙofofin hancinta, allura ba za ta tsuke su ba. Iyakarta ta ɗaga tsakiya don ido ya ruɗu, alhali hancin ƙaruwa ya yi. Abu na biyu, jiki kan shanye ta cikin watanni, in ta daɗe ta kai shekara ɗaya da rabi, sai a koma a sake biya. In aka yi ta maimaitawa kuma takan baje gefe, karan hancin ya ƙara faɗi, a koma gidan jiya har da riba.

Abu na uku shi ne ya hana ni barci. Bahaushe ya ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi, ashe maganar har a ilimin halittar jiki haka take. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da karan hanci a haɗe suke da jijiyar da ke kai jini ga ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya daga cikinsu aka tura fila, tana iya toshe hanyar jini, fatar hanci ta yi fari, ta yi baƙi, ta mutu. Tana kuma iya bin jijiya ta koma baya ta toshe ta ido, mutum ya makance yana zaune a kan kujera. Abin ba kullum yake faruwa ba, amma a cikin rahotannin makanta ta dalilin fila da likitoci suka tattara a duniya, hanci na sahun gaba. Ido kuwa ba ya jure rashin jini fiye da kamar awa ɗaya da rabi, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo. Akwai maganin da ke narkar da fila ta hayaluronik, amma dole ya kasance a ɗakin a lokacin, a hannun wanda ya san alamar haɗari da yadda ake amfani da shi. In kuwa abin da aka ɗura ruwan silikon ne ko wani haɗin da ba a san asalinsa ba, babu abin da zai narkar da shi sai dai a yanka a ƙwaƙulo. Wadda ta guje wa wuƙa, ga ta a gaban wuƙa.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A farkon ƙarni na 20 likitoci a Turai sun yi yayin ɗura wa mutane narkakken kakin farafin a hanci, suna tallarsa a matsayin hanya mai sauƙi. Gladys Deacon, wadda ake sa wa a cikin kyawawan matan zamaninta, wadda daga baya ta auri basaraken Marlborough na Ingila a 1921, an yi mata a karan hanci tun tana budurwa. Kakin ya zame ya gangaro haɓarta, ya ɓata fuskar da aka so a ƙara wa kyau.

To ita tiyatar fa? Kada mai karatu ya ɗauka tallarta nake yi. Aiki ne tsoho. Likitan Indiya Sushruta ya bayyana yadda ake gina hancin da aka yanke da fatar kunci tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1887 John Orlando Roe a Amurka ya nuna yadda ake gyara hanci ta cikin ƙofofinsa ba tare da tabo a waje ba, Jacques Joseph kuma ya bunƙasa fannin a Balin daga 1898. Tiyata tana yin abin da allura ba ta iyawa: ta rage, ta tsuke, ta miƙar da karkataccen bangon da ya raba ƙofofin hanci har numfashi ya buɗe. Amma ana sa mutum barci, wani lokaci a ciro guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari, kumburi kan kai shekara bai gama sacewa ba, musamman ga masu kaurin fata irin tamu. Tabo na iya fitowa, numfashi na iya taɓuwa, wasu sai an sake musu aikin karo na biyu, kuma abin da aka yanke ya yanku ke nan.

Bambancin da na gani shi ne, ita tiyata tsoron da ake yi mata ma kariya ce. Duk wanda aka ce za a yi masa aiki sai ya yi shawara da iyaye, ya tambayi sunan likita, ya yi istihara, ya sa hannu a takarda. Ita kuwa allura ba ta sallama. Ana yin ta a bayan labulen shagon kitso, a hannun wadda ta yi kwas na kwana uku, da kwalbar da ba a san ta inda ta shigo ƙasar nan ba. Alhali a wajen likitoci ita ma aikin asibiti ce, tana buƙatar sanin hanyoyin jini kamar yadda mai yanka yake buƙata.

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda ba zan yi shisshigi a cikinsa ba tun da ba malaminsa ba ne ni. Abin da na sani shi ne labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara don mayar da gaɓa yadda take ko kawar da lahani, ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayo. Mai son ya ga inda gyaran hanci ya zama rahama ya je asibitin cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda ake gina wa yaran talakawa hanci da leɓen da cuta ta cinye. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Yaran can fatansu kawai su sami hanci, kowane iri ne.

Da mako ya cika na kira ta. Kafin in fara lacca sai na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun daren farko, wato wa ya ce mata hancinta na da aibu. Ta ce wata daga dangin angon ce ta ga hotonta ta ce amarya kyakkyawa ce, hancin ne dai. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kai ma Kawu, tun ina ƙarama kake cewa na yi asara da na ɗauko hancinka." Wallahi na manta ina faɗin haka. A wajena wasa ne tsakanin kawu da 'ya. Ashe ita ajiyewa take yi. Mu ne muka raine ta a gidan da ake jan hancin jariri tun ranar da ya faɗo, muka ba ta littattafan da duk tauraruwar cikinsu fara ce mai hanci har baka, sannan waya ta zo da filtar da ke tsuke mata hanci kafin ta ɗauki hoto. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa masana sun gano faɗin ƙofofin hanci yana da alaƙa da yanayin ƙasar da kakannin mutum suka rayu: masu ƙasar sanyi da bushewa suka gaji tsukakke mai ɗumama iska, masu ƙasar zafi da laima suka gaji buɗaɗɗe. Na ba ta haƙuri, abin da ban saba yi wa na ƙasa da ni ba.

Sharaɗi biyu na gindaya mata. Na farko, sai Ummanta ta sani, domin ba a ɓoye wa uwa abin da zai shiga jikin 'yarta. Na biyu, ta aika wa mai gidan kwalliyar tambaya uku: mene ne sunan abin da za a ɗura da lambar rajistarsa ta NAFDAC, wa zai yi allurar kuma yana da lasisin majalisar likitoci ta ƙasa, sannan akwai maganin narkarwa a ajiye ko babu. Matar ta amsa da cewa kayanta daga waje suke, kuma ba a taɓa samun matsala ba. Da yarinyar ta maimaita tambayoyin, sai aka daina amsa mata. Daga nan na kai ta wajen abokina likita, ya duba ta, ya ce hancinta lafiya lau, ya zana mata hanyoyin jinin a takarda ta gani da idonta.

An yi biki ba a yi allura ba. Mai kwalliya ta zana mata dogon hanci da hoda, har na kusa kasa gane ta a hoton kamu, washegari ruwa ya dawo mana da 'yarmu. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce ta rungumi hancinta ba. Ta ce mini wataƙila nan gaba ta sake tunani, na ce in ranar ta zo ta tambayi malamai, ta shaida wa mijinta, ta je asibiti wajen ƙwararre. Shawarar da zan ba ɗalibaina mata da maza ke nan, domin samari ma sun fara leƙa wannan kasuwa: duk abin da zai huda fata, likita ake kai wa, komai ƙanƙantar allurar.

Makon jiya aka yi suna a tsohon gidanmu. Na shiga cikin gida yin barka, na tarar da yayata ta ɗora jaririyar a cinya, ta lakaci man kaɗanya, ta kama karan hancinta. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar mata abinta." Ta dube ni, ta dubi hancina, ta yi dariya ta ce ai ganin nawa ne ya sa ta dage. Ni ma na yi dariyar, amma ban tashi daga wajen ba sai da ta sake shi. Allah Ya raya mana su, Ya sa mu iya bakinmu a gabansu.