Littafin rabon ruwa da yayana ya dawo da shi daga Sudan

A aljihun gaban rigar yayana kullum akwai ƙaramin littafi mai bangon roba. A cikinsa yake rubuta wane manomi ne zai sha ruwa yau, ƙarfe nawa aka buɗe masa, ƙarfe nawa aka toshe. Manajan wata gonar shinkafa ne a fadamar Haɗeja, wajen Auyo, da manoma masu yawa da ke noma wa kamfanin bisa yarjejeniya. Ma'aikatansa sun san littafin, suna tsoronsa fiye da faɗansa. Wannan ɗabi'a ba a Haɗeja ya koye ta ba, ba kuma a aji ba. Ya samo ta a aikinsa na farko, a wata gona kusa da Wad Madani, bayan ya gama karatun aikin gona a Khartoum.

Duk wanda ya yi aiki a wannan yanki ya shiga makarantar Gezira, ko ya sani ko bai sani ba. Tun 1925, da Turawan mulkin mallaka suka kammala madatsar Sennar a kan Shuɗin Nilu, ruwa ke gangarowa da kansa cikin magudanai zuwa filin da ya kai kusan fadan miliyan biyu, shimfiɗe kamar faifai. An gina tsarin ne don audugar masaƙun Ingila, kuma an gina shi bisa awo da jadawali: kowane manomi da yankinsa, kowace magudana da mai gadinta, kowane mai gadi da sufeton da ke kansa. Maigidan Yaya na farko tsohon sufeto ne daga wannan tsari. Abin da ya fara ba shi ranar kama aiki littafi ne da biro, ya kuma gargaɗe shi cewa ruwan da ba a rubuta ba, sace shi aka yi.

Akwai darasi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko zurfi. Leburori da yawa a gonakin Gezira Hausawa ne, jikokin mahajjatan ƙafa da suka yada zango a hanya, da zuriyar waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno. Ana kiransu Fallata. Da suka ji sabon ma'aikacin yana Hausa, sai suka riƙa faɗa masa abin da ba sa faɗa wa maigida: inda magudana ke yoyo, wanda ke fasa bakin ruwa da tsakar dare, ranar da aka rage musu lada. Yaya ya ce a nan ya gane cewa labarin gona yana wurin mai fartanya, kuma ba ya isa ofis sai ta bakin wanda aka amince wa. Har yau ba ya fara aiki daga kan tebur. Sai ya zagaya kunyoyi tukuna.

Masu nazarin shugabanci sun daɗe da lura da wannan. Monica Higgins ta Jami'ar Harvard ta fitar da littafi a 2005 kan tsofaffin ma'aikatan kamfanin Baxter na Amurka, wanda ya saba damƙa wa matasa ragamar rassansa tun suna ɗanyu. Da yawansu sun zama shugabannin kamfanonin haɗa magunguna, ciki har da Henri Termeer, wanda ya riƙe reshen Jamus kafin ya jagoranci Genzyme. Hujjarta ita ce wurin aikin farko yana buga wa mutum hatimi, domin a lokacin bai san wata hanyar ba. Idan kuma wurin ƙasar waje ne, ina ganin hatimin ya fi kamawa, don babu dangi ko abokin makaranta da zai sassauta masa.

To amma Kogin Haɗeja ba Nilu ba ne. Ruwansa yana hannun madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, dukansu a jihar Kano, yana kuma hannun damina. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama har zuwa dausayin Nguru, sai ka ga wani gefe ya bushe, wani ya nutse. Shekararsa ta farko da dawowa, wani dattijo masunci ya ce masa kada ya shuka wani kwari, domin ruwa zai bi ta nan. Yaya ya duba awonsa, ya ga babu alama, ya shuka. Ruwa ya bi ta nan. Abin mamakin shi ne mutumin da ya koyi sauraron lebura a Sudan ya kasa sauraron masunci a gida, saboda masuncin yana magana ne a kan abin da littafinsa ba shi da gurbinsa. A Gezira tambayar ita ce wa zai sha ruwa. A fadamarmu, rabin shekara tambayar ita ce ina za a kai shi.

Abin da ya fi ciwo kuwa bai shafi kogi ba. Wata rana a tsakiyar rani kawunmu ya zo gonar da kansa, shinkafarsa na neman ƙonewa, ya roƙi a buɗe masa ruwa kafin ranarsa. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe littafi, ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ranarku Laraba ce." Kawu bai ce komai ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da dare Hajiya ta kira Yaya ɗakinta. Ina zaune a ƙofa na ji tana cewa, "Can kai baƙo ne, ba ka da kawu. Nan kana da shi." Kusan shekara guda Kawu bai taka gidanmu ba.

Na daɗe ina juya maganar Hajiya, domin ta faɗi abin da littattafan shugabanci ba sa faɗi. Adalcin da Yaya ya koya a Wad Madani adalcin baƙo ne, mai sauƙin yi, tun da ba wanda zai kai ƙararka wurin mahaifiyarka. Ban ce ya yi kuskure ba. Da ya buɗe wa Kawu, da washegari kowane manomi ya zo da nasa dalilin, kuma na ƙarshen magudana, wanda ba shi da kowa a ofis, shi zai kwana da ƙishi. Manoman ƙarshen layi su ne suka fi kowa son littafin. Amma farashin da ya biya na gaske ne, kuma ba a gida kaɗai ba. Abokan karatunsa da suka fara aiki a Dutse ko Kano sun shafe waɗannan shekaru suna sanin wa ake gani idan ana neman kwangila ko ƙarin girma. Shi ya dawo da Larabci da ƙwarewa, ba shi da ubangida. Takardar ƙasar waje ta buɗe masa ƙofar farko da sauri, hawa na gaba ya zo a makare.

A ambaliyar 2022, lokacin da mutanen Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa don ƙarfafa jinga, na same shi a bakin ruwa tare da wannan masuncin, yana rubuta abin da tsohon ke faɗa. Littafin yanzu kashi biyu ne: gaba na rabon ruwa, baya na maganar dattawa, da suna da rana. Kawu kuma ya dawo zuwa gida, ko da yake har yanzu idan ya ga Yaya sai ya tambaye shi ko yau ranar gaisuwarsa ce.

A Disambar 2023 yaƙin Sudan ya ci Wad Madani. Yaya ya yi makonni yana kiran lambar tsohon maigidansa, ba ta shiga. Bai goge ta daga wayarsa ba.