Yaran da Suka Zo Kallon Waƙa a Yerevan

Da sanyin safiyar Juma'a, 9 ga Disamba 2022, ni da ƙawata muka tsaya a tashar Avlabari da ke Tibilisi muna jiran ƙaramar bas ta cika. Marshrutka mutanen yankin ke kiranta, kuma da na ga direba yana leƙe-leƙen fasinja na ƙarshe sai tashar Unguwa Uku ta faɗo mini a rai. Ƙawar tawa Ba'armeniya ce haifaffiyar Jojiya, ajinmu ɗaya a makarantar koyon aikin likita. Mako biyu ta yi tana lallashina in raka ta kallon gasar waƙar yara ta Turai, wato Junior Eurovision. Da fari na ƙi. Ga jarrabawa ta ƙarato, ga sanyi, kuma a ganina zaman mota na awa shida saboda waƙar yara ɓata lokaci ne. Abin da ya karya mini lago shi ne ranar da ta dube ni ta ce, "Mutanen Armeniya duka-duka miliyan uku ne. Sau nawa kika ji an ambaci sunansu a labarai ba a kan yaƙi ba?" Na rasa amsa, na haɗa jakata.

Mun tsallake iyaka a Sadakhlo, muka shiga Armeniya ta Bagratashen. Daga nan hanya ta bi kwazazzabon kogin Debed, duwatsu dama da hagu, ta ratsa Alaverdi, garin da ya yi suna wajen narka tagulla tun kafin zamanin Tarayyar Sobiyat, ta wuce Vanadzor da dazukan Dilijan. Akwai wata doguwar hanya da aka huda cikin dutse bayan Dilijan. Muna shiga akwai itatuwa, muna fita babu ko ɗaya, sai tuddai farare da dusar ƙanƙara da tafkin Sevan shimfiɗe a gefen hagu, wajen mita 1,900 sama da teku. Da la'asar muka gangara Yerevan.

A gidan goggon ƙawata muka sauka. Tun ban ajiye jaka ba ta jawo ni kan tebur, ta tara mini lavash, gurasarsu mai faɗi marar kauri, da cuku da ganyaye da busassun 'ya'yan itace. Da aka gaya mata ba na cin naman alade, sai ta kwashe kwanon gaba ɗaya ta mai da shi madafa, bai sake fitowa ba har na bar gidan. Duk maganar da za ta yi mini sai ta haɗa da "jan", kalmar da suke liƙa wa sunan wanda suke ƙauna. Ni kuma Goggo nake ce mata, ta karɓi sunan hannu biyu-biyu.

A bakin wannan teburi na ji tarihin gasar, kuma 'yar autar gidan mai shekara 11 ce malamata, ƙawata na yin tafinta. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ce ke shirya gasar tun 2003, lokacin da aka fara ta a Kopenhagen. Yaro sai ya kai shekara 9 kuma bai wuce 14 ba, sannan mafi yawan baitocin waƙar su kasance cikin harshen ƙasarsa. Armeniya ta fara shiga a 2007, ta zo ta biyu, maki ɗaya rak tsakaninta da Belarus. A 2010 wani yaro daga Stepanakert da ke yankin Nagorno-Karabakh, Vladimir Arzumanyan, ya ciyo musu kofin a Minsk, shi ma da tazarar maki ɗaya a kan Rasha. Yarinyar ta ɗaga yatsa ɗaya tana dariya: ɗaya ya hana su, ɗaya ya ba su.

Da ta zo kan labarin Maléna sai ɗakin ya yi tsit. Gidan talabijin na ƙasar ya zaɓi Maléna ta wakilce su a 2020, an shirya waƙa, komai ya kankama. Sai yaƙi ya ɓarke da Azabaijan a kan Nagorno-Karabakh a ƙarshen Satumba, ya ɗauki kwana 44, dubban samari suka mutu daga ɓangarorin biyu. Armeniya ta janye daga gasar. Shekara na zagayowa aka sake kiran yarinyar nan, ba a nemi wata ba. Tana da shekara 14, damarta ta ƙarshe ke nan. Ta je Paris a Disambar 2021 da waƙarta "Qami Qami", ma'ana iska, ta ci da maki 224. Wadda ta bi mata da maki 218 ita ce Sara James ta Poland, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. Da na ji haka sai da na gyara zama. Nasarar Maléna ce ta kawo gasar Yerevan.

Na daɗe ina juya wannan zaɓi a raina. Ƙasashe sun bambanta wajen fid da ɗan takara. Jojiya tana da shirin talabijin mai suna Ranina, inda yara ke fafatawa mako-mako. Ayalan tana yin nata a tashar TG4, kuma cikin harshen Airish ake waƙar. Ita ma Armeniya ta yi zaɓen fili a 2018 da 2019, daga baya ta koma tantancewa a cikin gida. Zaɓen fili yana sa jama'a su ji ɗan takarar nasu ne, amma yakan tsai da yaro ɗan shekara goma gaban kyamara a gaya masa ya faɗi, duniya na kallo. Ni dai na fi karkata ga tantancewar cikin gida in har masu yinta sun riƙe amana, kuma labarin Maléna ne hujjata. Alkawari kaya ne, sun sauke shi. Autar Goggo ma ta aika da muryarta a 2022, ba a ɗauke ta ba. Nare Ghazaryan, mai shekara 14, aka ɗauka. Ban ga ɓacin rai a fuskar yarinyar ba, har ta haddace rawar Nare tana koya wa ƙawayenta a tsakar gida.

Ranar Asabar na zaga gari. Gine-ginen tsakiyar Yerevan da wani dutse ruwan hoda aka yi su, idan rana ta haske su sai su yi kamar jan garwashi. Dandalin Jamhuriya ya sha ado da fitilu da tutocin ƙasashe 16 masu shiga gasar. Babu tutar Rasha, an cire ta saboda yaƙin Yukiren. Babu ta Azabaijan, ba ta zo ba. Na yi sallar azahar a Shuɗin Masallaci da ke titin Mashtots, ginin ƙarni na 18 da Iran ta taimaka aka gyara, shi kaɗai ne masallacin da ake salla a cikinsa a birnin. Daga baya muka hau matakalar Cascade, sama ta washe, dutsen Ararat ya bayyana da ƙanƙara a kansa. Armeniyawa sun ce a kansa jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, mu kuma Judi muka sani. Dutsen yana cikin tambarin ƙasarsu, amma a ƙasar Turkiyya yake, bayan iyakar da ke rufe tun 1993. Goggo ta ce kullum da safe sai ta leƙa taga ta ga ko ya fito.

Lahadi, 11 ga wata, ita ce ranar. Zauren wasanni na Karen Demirchyan yana kan tudun Tsitsernakaberd, kusa da wurin tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a 1915. Mun hau dogayen matakala cikin iska mai yanka kunne, yara na tsere a gabanmu da tutoci ja da shuɗi da ruwan lemo. A layin da ke gaban namu wasu yara ne da malamarsu. Wata 'yar ƙarama ta yi ta waiwayen hijabina, har malamar ta juyo ta ba ni haƙuri. Na ce babu komai, muka gaisa. Ta ce daga Stepanakert suke, sun yi doguwar tafiya a bas ta cikin duwatsu, wasu cikinsu wannan ne zuwansu Yerevan na farko.

Ƙarfe bakwai na dare aka fara. Masu gabatarwa uku ne da wani mutum-mutumi mai magana da ake kira Robin. Ɗaya cikinsu, Karina Ignatyan, ita ce ta wakilci ƙasar a 2019. Waƙoƙin da yawa sun bi ta kunnena sun wuce. Biyu suka zauna. Sophie Lennon ta Ayalan ta tsaya ita kaɗai ta rera "Solas" cikin harshen da ko a ƙasarta 'yan kaɗan ne ke magana da shi kullum, zaure ya yi shiru kamar ruwa ya cinye mu. Na tuna yaranmu da ake ci wa tara a wasu makarantu don sun yi Hausa a aji, raina ya sosu. Ta biyu ita ce Zlata Dziunka ta Yukiren, wadda ta bar ƙasarta ana ruwan bama-bamai. Mutanen zauren sun san wannan hali, tafin da suka yi mata ya nuna.

Da Nare ta fito kuwa ban ji waƙarta sosai ba, ihu ya danne ta. Ƙasa na girgiza ƙarƙashin ƙafata. Goggo, mace mai shekara sama da hamsin, tana tsaye hawaye na zuba, tana kiran sunan yarinyar da ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. A nan na gane abin da ƙawata ke nufi a Tibilisi.

Rabin maki daga alƙalan ƙasashe yake fitowa, rabi daga ƙuri'ar jama'a ta intanet. Freya Skye ta Birtaniya, ƙasar da rabonta da gasar tun 2005, ita ce ta fi samun ƙuri'ar jama'a. Da aka haɗa duka, Lissandro na Faransa ya ci da maki 203, Nare ta zo ta biyu da 180, Jojiya ta uku, Ayalan ta huɗu. Zaure ya ɗan yi sanyi, sannan aka tashi aka tafa wa yaron. A bakin ƙofa 'yar ƙaramar nan ta Stepanakert ta miƙo mini ƙaramar tutarta ta takarda. Na ba ta dabinon da ke jakata, malamarsu ta kaɗa su zuwa masauki.

Washegari, Litinin 12 ga Disamba, muna cikin motar komawa Tibilisi wayoyin fasinjoji suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ƙawata ta karanta saƙo, ta kife wayar a cinyarta. Wasu 'yan Azabaijan da suka ce masu kare muhalli ne sun tare hanyar Lachin, hanya ɗaya tilo da ta haɗa Armeniya da Karabakh, inda mutane kusan 120,000 ke zaune a lokacin. Ɗaruruwan mutanen da suka fito daga yankin suka rasa hanyar komawa gida, cikinsu har da yaran da suka zo kallon waƙa. Wasu a garin Goris aka ajiye su, a can suka yi sabuwar shekara ba tare da iyayensu ba, sai cikin Janairu sojojin kiyaye zaman lafiya na Rasha suka fara ratsawa da su.

Tutar takardar tana nan cikin littafina. A watan Satumba na 2023 Azabaijan ta karɓe yankin da ƙarfin soja, kuma cikin 'yan kwanaki mutane fiye da 100,000 suka bi ta hanyar Lachin suka bar gidajensu, yara da manya.