Ƙurar Hunturu a Gindin Teku

Mutum kan tsufa a Gagarawa Tasha bai taɓa ganin teku ba, amma hazon da ke rufe mana rana da hunturu can ya nufa. Mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki. Iska ta kwaso shi, ta bi ta kan Maigatari da Gumel, ta bar mana tari da faso, ta wuce da saura. Wani ɓangaren hazon ya faɗa tekun Atilantika ya nutse.

A 1986 jirgin bincike JOIDES Resolution ya haƙo laka daga ƙarƙashin teku daura da gaɓar Muritaniya, inda ƙurar Sahara ta daɗe tana kwanciya hawa-hawa. Peter deMenocal da abokan aikinsa suka auna ta, suka buga sakamakon a 2000: tsakanin shekara 14,800 da 5,500 da suka wuce, ƙurar ta ragu ƙwarai. Wato a lokacin Sahara na da ciyawa da tafkuna, iska ba ta samun abin ɗauka. Daga nan ƙura ta dawo, kuma a ganinsu cikin 'yan ƙarnuka kaɗan.

Wannan saurin ne ke tsaya mini a rai, ko da yake wasu masana na cewa bushewar a hankali ta zo. Manomin gero da riɗi a jigawar Sule Tankarkar, wanda damina ɗaya ke ciyar da shi, ya fi kowa haƙƙin sanin wanne ne gaskiya.